Yadda matashi zai gyara sunansa wajen biyan bashi tun kafin ranar buƙata ta zo

Matasanmu da yawa sai ranar da suka shiga banki neman jari, ko neman a saya musu Keke Napep su riƙa biya a hankali, sannan suke jin wai akwai inda ake rubuta tarihin bashin kowa a Najeriya. Ma'aikacin banki zai karɓi BVN ɗinka ya danna kwamfuta, ya ɗago kai yace maka malam akwai bashin da ake binka a wani waje, ko kuma yace ai kai baka da tarihi kwata-kwata, bamu san yadda kake biya ba, don haka wannan adadin da kake nema bazai yiwu ba. Duk biyun suna hana mutum, kuma duk biyun ana iya maganinsu idan aka fara da wuri. Shi yasa nake so ɗan shekara 19 ko 22 ya san wannan abin tun yanzu, tun bai matsu ba, saboda suna a wajen banki ba a gina shi cikin sati biyu.

Bari mu fara da yadda abin yake aiki. Kasan littafin nan da mai shagon unguwa yake ajiyewa a ƙarƙashin kanta, wanda yake rubuta wane ya karɓi sukari da taliya, wane ya biya ranar Juma'a kamar yadda yayi alkawari, wane kuma sai da aka aika masa yaro sau uku? To irinsa ne, sai dai wannan na ƙasa baki ɗaya ne. Akwai kamfanoni uku da Babban Bankin Najeriya CBN ya ba lasisin ajiye wannan bayanin, CRC Credit Bureau, FirstCentral Credit Bureau da CreditRegistry. Bankunan kasuwanci, ƙananan bankunan maikurofainans, da manhajojin bada rance masu rajista suna tura musu bayanin wanda ya ci bashi, nawa ya ci, yaushe ya kamata ya biya, ya biya a kan lokaci ko ya makara. Akwai doka a kai, dokar bayanan bashi ta 2017, kuma CBN ya wajabta wa bankuna su duba rahoton mutum a wajen aƙalla biyu daga cikin kamfanonin nan kafin su bashi rance. Abin da yake haɗa komai waje ɗaya shi ne BVN, wanda aka fara tun 2014. Canza layin waya ko buɗe sabon akawun a wani banki baya ɓoye komai, lambar nan ɗaya ce tak.

Daga wannan tarihin ne suke fitar da maki. Na CRC yana farawa daga 300 zuwa 850, iya yawan makinka iya yardar da za a yi da kai, sauran kuma kowa da nasa ma'aunin. Amma ni a ganina kada lambar ta ɗauke maka hankali sosai, abin da ke ƙarƙashinta shi ne abin lura, wato ka taɓa karɓa, ka biya a kan lokaci, kuma baka tara bashi kashi-kashi fiye da ƙarfinka ba.

Mataki na farko: daidaita takardunka

Wannan ba wuya amma mutane suna rainawa. Sunan da ke BVN ɗinka, da na NIN, da na akawun ɗinka, da ranar haihuwa, su zama iri ɗaya. Mu nan Arewa muna da wannan matsalar sosai, Muhammad a nan, Mohammed a can, Muhammadu a katin makaranta, wani ya sa sunan gari a matsayin sunan ƙarshe a wata takarda wata kuma sunan kaka. Mace kuma tayi aure a canza mata suna a waje ɗaya a bar sauran. Irin wannan yana iya sa bayananka su cakuɗe ko a tsayar da buƙatarka ana ta kai-komo. Ka je bankinka a gyara tun babu gaggawa. Idan ka manta BVN ɗinka ka danna *565*0# da layin da kayi rajista da shi. Kuma layin nan da ke jikin BVN ka riƙe shi da kyau, kada ka barshi ya mutu har a sayar wa wani, domin ta nan ake turo lambar sirri ta tabbatarwa, wanda ya mallaki layin ya kama hanyar cin bashi da sunanka.

Mataki na biyu: ka duba me aka rubuta a kanka

Kafin ka gina komai ka fara ganin me ke ƙasa. Dokar 2017 ɗin nan ta ba kowa damar karɓar rahotonsa kyauta sau ɗaya a shekara daga kamfanonin. Ka shiga shafinsu na intanet, ka cike suna da BVN da imel da lambar waya, su turo maka. Ka tabbata shafin nasu ne na gaskiya, ka rubuta adireshin da hannunka, kada ka bi wani linki da aka turo a guruf ɗin WhatsApp. Kuma ka nema a duka ukun, don wani mai bada rancen waje ɗaya kawai yake kai rahoto, sai kaga ɗaya fes, ɗayan kuma akwai tabo.

Idan rahoton ya zo zaka ga bayananka a sama, sai jerin duk bashin da aka taɓa buɗewa da sunanka, sunan wanda ya bayar, ranar da aka bayar, nawa ne, nawa ya rage, kwana nawa ya wuce wa'adi, an rufe ko yana nan a buɗe. Can ƙasa kuma akwai jerin waɗanda suka binciki sunanka. Ka zauna ka bi shi layi-layi da biro a hannu. Abu uku zaka nema. Bashin da baka san da shi ba sam, bashin da ka biya amma har yanzu yana nuna ana binka, da kuma ɗan ƙaramin saura da ka manta da shi, irin naira 1,800 da ta rage a wata manhaja tun kana aji biyu a jami'a, tana nan tana ƙirga kwanaki ɗari-ɗari a kanka kai baka sani ba.

Mataki na uku: wanke tsohon datti

A nan zan daɗe kaɗan don nan ne mutanenmu suka fi faɗawa. A 2020 lokacin korona an raba rance ta bankin NIRSAL Microfinance, kafin nan kuma akwai shirin Anchor Borrowers na manoma da aka ƙaddamar a Kebbi a 2015. Mutane da dama sun karɓa da tunanin ai kuɗin gwamnati ne, rabonmu ne ya tsaga. To ba kyauta bace, rance ne, kuma da BVN ɗinka aka rubuta shi. Wasu ma wani ne a unguwa ya tattara BVN ɗinsu ya cike musu, ya basu wani abu ya riƙe sauran, amma a takarda duka kuɗin a wuyansu yake. Idan kana cikin waɗannan kada ka kawar da kai kace ai an manta, kwamfuta bata mantuwa.

Kuma tun 1 ga Agusta 2020 akwai tsarin da CBN ya kawo mai suna GSI, wanda idan ka sa hannu a kansa lokacin karɓar rance, kuma ka ƙi biya, bankin da ke binka zai iya cire kuɗinsa daga duk wani akawun da ke ɗauke da BVN ɗinka a wasu bankunan. Shi yasa zaka ji mutum yace an turo masa kuɗin sayen kaya kawai yaga alat an kwashe, daga bankin da rabonsa da su shekara uku.

Abin yi shi ne ka je wajensu da ƙafarka tun basu zo ba. Kace ga ni, ina so in san nawa ake bina daidai, a bani a rubuce. Idan bazaka iya biya lokaci ɗaya ba ka nemi a sake tsara maka biyan kashi-kashi yadda zaka iya, idan tarar makara ta taru ka roƙi a rage, sau da yawa mai bin bashi ya fi son ya samu uwar kuɗinsa da ya rasa duka. Duk yarjejeniyar da kuka yi ta zama a takarda ko a imel, maganar baki da ma'aikaci bata da amfani ranar da aka canza shi. Ka biya ta cikin akawun ɗin kamfanin, ba akawun ɗin wani ma'aikaci ba ko da yace zai taimaka maka. Idan ka gama biya, wannan shi ne wajen da kowa yake sakaci, ka nemi takardar shaidar cewa ba a binka komai, ka ce su sabunta bayaninka a wajen kamfanonin rahoto, bayan wata ɗaya ko biyu ka sake dubawa ka gani da idonka an rubuta an rufe. Takardar nan ka ɗauki hotonta ka tura wa kanka a imel.

Ka sani biyan baya goge tarihin makarar nan take, doka ta ce su ajiye bayani aƙalla shekara 6. Amma akwai bambanci babba tsakanin wanda ya makara ya biya da wanda har yau ake binsa, kuma sabon tarihi mai kyau yana danne tsohon a hankali. Duk wanda yace ka bashi dubu ashirin zai goge maka suna daga kwamfuta ɗan damfara ne, ka rabu da shi.

Idan kuma kuskure ne, bashin ba naka bane ko ka riga ka biya, ka rubuta ƙorafi ga kamfanin da ya fitar da rahoton da kuma wanda ya bada rancen, ka haɗa da rasit da sitetimen. Kamfanin rahoto ba shi yake ƙirƙirar bayanin ba, abin da aka turo masa yake rubutawa, don haka dole gyaran ya biyo ta wajen mai rancen. Idan banki ne ya ƙi saurarenka akwai sashen kare haƙƙin masu hulɗa da bankuna a CBN, idan manhajar rance ce akwai FCCPC, hukumar gwamnatin tarayya mai kare haƙƙin masu saye.

Mataki na huɗu: bari akawun ɗinka ya yi magana

Ko baka taɓa cin bashi ba, abu na farko da za a ce ka kawo shi ne sitetimen na wata shida ko shekara. Ka zaɓi akawun ɗaya ka mayar da shi babba, albashi ko alawus ko cinikin shago duk ya riƙa shiga nan. Tela ne kai, mai gyaran waya, mai sayar da data, ko ke mai yin cincin da turaren wuta kina tallatawa a Instagram, ku riƙa sa kwastoma yana turowa akawun ɗaya, kuɗin hannu ma a riƙa zubawa. Matashi zai iya juya dubu ɗari uku a wata amma duk a aljihu da akawun huɗu daban-daban, sai ya je neman jari takarda ta nuna kamar ba shi da sana'a. Kuma kada kuɗi su shigo da safe ka kwashe su tas da yamma kullum, ka riƙa barin wani abu yana kwana. Caca kuma, ban da haramcinta, idan tana bayyana a sitetimen ɗinka kullum to ka sani mai duba takardar yana gani.

Adashi abu ne mai kyau, ka ci gaba da yi, yana koya wa mutum fitar da kuɗi a ranar da aka sa. Sai dai uwar adashi bata kai rahoto ko'ina, shekara goma kana zubi ba fashi banki bai sani ba. Idan zai yiwu ka riƙa tura zubin ta tiransifa, aƙalla ya fito a takarda.

Mataki na biyar: bashin farko, ƙarami, wanda ka riga ka san inda zaka biya shi

Tarihi baya samuwa sai ka karɓa ka biya. Nasan a nan da yawa za su tsaya suce to riba fa? Tambaya ce mai kyau kuma bana so kowa ya taka addininsa don neman maki. Akwai bankunan da basa hulɗa da kuɗin ruwa, Jaiz da ya fara aiki a 2012, TAJBank a 2019, Lotus a 2021, da Alternative Bank, kuma su ma bankuna ne masu lasisin CBN, dokar kai rahoto ta hau kansu kamar kowa. A tsarin murabaha misali, banki ne zai sayi kayan, keken ɗinki ko firiza ko babur, ya sayar maka da ribar da kuka yi yarjejeniya a kai tun farko, ka riƙa biya wata-wata, farashin baya ƙaruwa. Akwai kuma ijara, wato haya. Biyan da kake yi a irin wannan shi ma tarihi ne. Idan kana da shakku a kan wani tsari ka ɗauki takardar ka kai wa malamin da ya san fiƙihun ciniki ya duba maka kafin ka sa hannu.

Ko ma ina zaka karɓa, ka yi waɗannan tambayoyin kafin komai. Kuna da lasisin CBN ko rajistar FCCPC? FCCPC tana da jerin manhajojin da ta amince da su a shafinta, ka duba sunan da kanka. Sannan kuna kai rahoton biya ga CRC ko FirstCentral ko CreditRegistry? Wannan tambayar tana da muhimmanci don idan basa kai rahoton wanda ya biya, to wahalar banza kake yi ta fuskar gina suna. Haka masu bada waya ko sola a biya a hankali, ka tambaye su kai tsaye. Sai ta ƙarshe, nawa zai shigo hannuna, nawa zan mayar gaba ɗaya, a wace rana?

Ka kula da wannan ta ƙarshen sosai. Manhaja zata nuna maka 50,000 da manyan lambobi, a ƙasa da ƙananan rubutu kashi 10 a wata. Sai kaga kamar kaɗan ne. Wata uku ya zama 15,000, zaka mayar da 65,000, idan kuma sun cire kuɗin cike takarda tun farko wataƙila 47,000 ne ma ya shigo akawun ɗinka. Kashi 10 a wata kashi 120 ne a shekara. Wace sana'a kake yi da zata ɗauki wannan? Akwai kuma masu wa'adin kwana bakwai ko sha huɗu, waɗanda da ka makara kwana ɗaya sai su fara kiran mutanen da ke wayarka suna tura saƙon cin mutunci, har da surukai da limamin unguwa. Duk manhajar da ta nemi izinin shiga lambobin wayarka da hotunanka ka goge ta, Google ma ya hana manhajojin rance wannan a Play Store tun 2023.

Nawa ya kamata ka karɓa a karon farko? Shawarata, adadin da ko yau aka ce ka biya kana da shi a ajiye ko kana da tabbacin shigowarsa. Kuma ya kasance abin da dama zaka saya ne kuma yana kawo kuɗi ko yana rage maka kashewa, kamar injin aski, kayan shago, kwamfutar aiki. Bashin anko, bashin sabuwar iPhone don a gani, bashin kayan lefe da ya fi ƙarfinka, waɗannan su ne suke kashe sunan matashi tun bai fara ba. Jimillar abin da kake biya a wata kada ya wuce kashi ɗaya cikin uku na abin da kake samu, idan samunka ba tsayayye bane kamar ɗan kasuwa ko mai aikin hannu to ka tsaya a kashi ɗaya cikin biyar, ka yi lissafin da watan da kasuwa ta fi mutuwa, ba watan sallah ba.

Mataki na shida: ranar biya

Duk abin da na faɗa a sama hanya ce kawai, wannan shi ne aikin. Babu abin da ya kai biya a kan lokaci nauyi a makin mutum. Ka ɗauka ranar biyanka kwana uku ne kafin ranar da aka rubuta. Dalili kuwa kowa ya sani, netiwok yana ɗaukewa, tiransifa tana maƙalewa, albashi yana makara, ranar tana iya faɗawa Asabar ko hutun sallah, kuma kwamfutar mai rance ba ruwanta da uzuri, makara kawai zata rubuta. Ka sa ƙararrawa a waya. Idan kai ma'aikaci ne ka nemi a sa ranar cirewa bayan ranar da albashi ya saba shiga da 'yan kwanaki, ba ranar ba. Idan ɗan kasuwa ne ka riƙa ware kuɗin kullum ko duk sati a wani waje daban, biyan 12,000 a wata naira 400 ce a rana, ta fi sauƙin fita da a ce ka nemo ta dunƙule ranar 28.

Bayan ka biya ka duba cewa ya shiga kuma saura ya koma sifili, ka ajiye rasit. Wani lokacin 'yan canji ne suke raguwa saboda caji, su zauna a matsayin bashi.

Idan kuma kaga wata zai zo maka da matsala, rashin lafiya ko an yi maka sata ko kaya sun ƙi fita, ka kira su tun kafin ranar. Kada ka kashe waya. A ƙa'idar bankuna bashin da ya wuce kwana 90 ba a biya ba ana sa shi a sahun bashin da ya lalace, kuma wannan tabon ne yake rufe ƙofofi. Tsakanin makarar kwana biyar da ta kwana casa'in akwai nisa, ka yi duk yadda zaka yi kada ka kai can. Abin da bazan taɓa baka shawara ba shi ne cin bashi a manhaja ta biyu don biyan ta farko, na ga yadda yake ƙarewa, mutum ya wayi gari manhaja shida suna binsa, duk abin da ya samu na biyan kuɗin ruwa ne kawai. Gara ka sayar da wani abu, ko ka je wajen yayanka ko kawunka ka faɗi gaskiya. Addininmu ma bai ɗauki bashi da wasa ba, ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi take, kuma hadisi ya tabbata cewa jinkirin mai hali wajen biya zalunci ne.

Mataki na bakwai: kare sunanka daga bashin wasu

Wannan yana da wuya a wajenmu saboda kunya da zumunci. Aboki zai zo yace don Allah ara min BVN ɗinka, nawa yana da matsala, wata ɗaya zan biya. Ka tsaya ka yi tunani, me ya sa nasa yake da matsala? Duk abin da aka karɓa da lambarka kai ake bi, ko sisi baka gani ba. Haka tsayawa mutum garanto, sa hannun nan ba shaida bace kawai ta cewa ka sanshi, alkawari ne cewa idan bai biya ba kai zaka biya. Kada ka tsaya wa kowa a kan adadin da bazaka iya biya da aljihunka ba. Idan baka so ka ɓata da mutum, kace masa wallahi ina da buƙatar da nake shirin nema a banki, bazan iya ɗora wani abu a sunana yanzu ba, amma ga abin da zan iya taimaka maka da shi, ka bashi ɗan abin da ya sauƙaƙa.

'Yan'uwa mata, wannan ya shafe ku sosai. Miji ko yaya ko ƙani ya karɓi rance da sunanki saboda an ce shirin na mata ne, ke baki san nawa bane baki san ranar biya ba, sai ranar da kika tashi neman jarin kanki ki tarar an riga an ɓata. Ba rashin biyayya bane ki ce a nuna miki takardar ki karanta, ki san adadin, kuma alat ɗin biya ya riƙa zuwa wayarki.

Lambar sirri da ake turowa ta waya kuma kada ka karanta wa kowa, ko yace daga banki yake kira. Masu zuwa unguwa suna tattara BVN da NIN da sunan tallafi, ka tambayi wace hukuma, ina ofishinsu, me za a yi da lambar. Idan wayarka ta ɓace ka rufe layin da akawun a ranar. Idan kana amfani da cak kada ka rubuta wanda kasan babu kuɗinsa, cak ɗin da ya dawo laifi ne a dokar ƙasa kuma yana shiga tarihinka.

Sai haƙuri da hawa a hankali

Kada ka bi manhajoji goma a sati ɗaya kana gwada wa zai baka, binciken da suke yi yana fitowa a rahotonka kuma yana nuna kamar a matse kake. Ɗaya a lokaci ɗaya. Ka gama na farko, ka huta wata ɗaya ko biyu, idan akwai buƙata ta gaske ka ɗauki wanda ya ɗan fi shi, kuma gara ka zauna da waje ɗaya ko biyu su sanka da ka yi ta yawo. Idan suka ƙara maka iyaka suka ce yanzu zaka iya karɓar 300,000, ba dole bane ka karɓa. Wanda yake da katin bashi na banki, duk da ba su yawaita a wajenmu ba, kada ya riƙa cinye iyakar katin, ya tsaya ƙasa da kashi ɗaya cikin uku ya biya duka a ƙarshen wata.

Ɗalibai masu karɓar rancen karatu na NELFUND da aka fara a 2024, babu ruwa a kansa, amma rance ne da BVN da NIN ɗinku, biya yana farawa shekara biyu bayan kammala bautar ƙasa, ana cire kashi 10 na albashi. Ku sa shi a lissafi tun yanzu, duk ranar da zaku nemi wani rancen ku ƙirga da shi. A shekarar 2024 ɗin ne kuma gwamnatin tarayya ta kafa CREDICORP don ma'aikata su riƙa sayen kaya suna biya a hankali ta hannun bankuna da sauran masu bada rance, su ma tarihin mutum suke dubawa.

Idan ka bi wannan, bayan shekara ɗaya ka sake neman rahotonka a duka wuraren uku, ka kwatanta da na farko, ka tabbata kowane bashi da ka gama an rubuta an rufe kuma babu baƙon suna a ciki. Ranar da zaka je neman babban jari kuma ka duba rahoton wata biyu kafin nan don idan akwai gyara ka samu lokacin yi, ka tafi da sitetimen na wata goma sha biyu, takardun kammala biya, katin NIN, takardar rajistar CAC, wato hukumar rajistar kamfanoni, idan sana'arka tana da ita, da rubutaccen lissafin abin da zaka saya da yadda kuɗin zai dawo duk wata.